Darlene Mai Guga da Jar Rigar Sanyi

Darlene Kertesz ba mace ba ce mai yawan magana, kuma a gidansu ba a taɓa jin rashin hakan ba, domin yayarta Paulette ta ɗauke wa kowa wannan nauyin tun suna yara. Yau Darlene ta doshi sittin, yatsunta sun fara ƙagewa, in ka tambaye ta labarin rayuwarta sai ta ce ita ba ta da labari, guga ta yi. Mu da muka tashi da ita mun san akwai.

A gabashin kogi aka haife su, a birnin Toledo na ƙasar Amurka, cikin unguwar da kakanninmu 'yan Hungary suka cika lokacin da masana'antu ke neman hannu. Ubansu ya ƙarar da ƙarfinsa a kamfanin gilashi, uwarsu ke dafa wa coci abinci duk ranar biki. A gado ɗaya suke kwana har Paulette ta yi aure, makaranta ɗaya suka yi, mai jan bulo da dogayen tagogi, can bayan cocin. Idan aka tsokani Darlene a filin wasa ba ta ramawa, sai dai ta waiwaya ta nemi yayarta. Wanda ya yi tsokanar shi ma waiwayen yake yi, amma don neman hanyar gudu.

Aure bai zaunar da ita ba. Mijinta Gus ya tafi Texas neman aiki 'yarsu Tessa tana rarrafe. Aikin ya samu, hanyar gida ce dai ta ɓace masa har yau. Darlene ba ta zage shi a gaban kowa ba, Paulette ce ta yi mata wannan aikin har da gyara. A shekarar da aka haifi Tessa ita ma Paulette ta haihu, 'yar mitsitsiyar jaririya da aka sa wa Veronica, ake kira Roni, Darlene kuma take ce mata 'Yar Gyaɗa saboda ƙanƙantarta. Gida uku ne tsakanin ƙofar yaya da ta ƙanwa, saboda haka yaran suka tashi ba su damu da wane gida ne na wa ba. Inda ƙamshi ya fi tashi nan suke ci, inda barci ya kama su nan ake lulluɓe su.

Tessa ta fi Roni jiki, don haka duk abin da ya yi mata kaɗan sai ya sauka kan Roni. Ba wanda ke kiran wannan kyauta. Darlene za ta cusa kayan a leda ta ajiye bayan ƙofar Paulette, Paulette ta ɗaga ta duba, ta yi mitar maɓallin da ya ɓace, shi ke nan. Roni ma ta san haƙƙinta sarai. In an je sayen kaya sai ta riga Tessa zaɓe, ta ce, "Anti, ki sayi ja. Ni ba na son shuɗi." Darlene kuwa ta sayi jan tana dariya.

Tun tana budurwa take shiga bas ta haye gada ta ratsa gari har Halden, unguwar bayan gari inda wani tsoho, Mista Demetriou, yake da shagon wanki da guga. Mutanen Halden likitoci ne da lauyoyi da manyan ma'aikatan kamfani, gidajensu nesa da titi, ciyawar ƙofar gida kamar an bi ta da reza. Darlene ta san su ta wuyan riga da aljihu. Gidajen ba su taɓa tsone mata ido ba. Abin da ya tsaya mata a rai yaran ne, da take hangowa ta gilashin shago idan an tashi makaranta, wannan da akwatin goge, wancan da na ƙaho, suna yi wa manya magana ido cikin ido kamar duniya ta san da zuwansu.

Makarantar unguwarmu kuwa ta tsufa tare da masana'antun da suka rufe. Harajin gidaje ke ciyar da makaranta, gidajen namu kuma sun daɗe da zubar da daraja. Malaman suna iya ƙoƙarinsu, Allah ya gani, amma in ruwa ya sauko sai an jera bokitai a baranda, littafi ɗaya yara biyu, malamar ajin su Tessa kuwa an yi ta canza ta har iyaye suka daina wahalar riƙe suna. Wata rana Darlene ta tambayi 'yarta abin da aka koya musu, Tessa ta ce ita ta gama nata tun da safe, sai malama ta sa ta raba fensir. Washegari ma fensir ta raba. A ranar Darlene ta ƙona hannun rigar wani lauya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Makaranta dai adireshi take bi, inda kake kwana nan ɗanka zai yi karatu. Darlene ta kwashe kusan shekara tana yawo ranar hutunta, daga wannan unguwar bayan gari zuwa waccan, tana leƙa makarantu tana tambayar haya. Wata unguwar makarantar ta yi, amma bas ba ya zuwa. A wata kuma mai gidan ya dubi takalminta kafin ya dubi fuskarta. Halden ba ta ma sa ta a lissafi ba, ta san ba sa'arta ba ce. Ashe mafita tana saman kanta. Mista Demetriou yana da ɗaki biyu a saman shago da ya cika da matattun injuna, kuma iyakar makarantun Halden ta tsakiyar titin ta bi: tsallaken titi na birni ne, gefen shagon na Halden. Tsohon ya ce in za ta iya da ƙarar inji da tururi, ta share ta shiga.

Ranar Lahadi ta faɗa wa Paulette, a kicin, bayan an dawo coci. Paulette tana naɗe nama a ganyen kabeji.

"Halden," in ji Paulette. "Ke da kike goge musu wando, yanzu kuma maƙwabciyarsu za ki zama? Madalla. Sai ki fara koyon dariya da baki a rufe."

"Karatun Tessa nake dubawa."

"Mu da muka yi karatu a nan haukacewa muka yi?"

"Ba mu haukace ba. Ni ina guga, ke kina yi wa tsofaffi wanka a gidan jinya."

Paulette ta ajiye kabejin. "Ni ba makarantar nake tsoro ba, Darlene. Za su koya mata lissafi, na yarda. Amma za su haɗa mata da yadda ake kallonmu. Wata rana za ta shigo gidan nan ta dubi Roni sama da ƙasa, ke kuma kina tsaye ba ki da ta cewa."

"Ba za ta yi ba."

"Allah ya sa."

Ranar tashi Roni ta haye bayan motar kaya ta zauna a kan katifa, ta ce ita ma ai kayan gidan ce, sai da ubanta ya sauko da ita tana harbe-harbe. Darlene ta yi alkawari duk Lahadi za su zo, ko ƙanƙara ta kai gwiwa, ta kuwa cika. Amma maganar yayarta ta bi ta har saman shagon ta zauna da ita, domin duk duniya ba abin da take tsoro kamar a ce ta raba yaran nan biyu da hannunta.

Maganar gaskiya, makarantar Halden ta yi abin da aka je nema. Cikin 'yan watanni Tessa ta fara karanta littattafai masu kauri, aka ba ta aron goge, malama ta san sunanta da na uwarta. Kuma ba wanda ya wulaƙanta su. Da ma wani ya yi, da Darlene ta san inda za ta ajiye fushinta. Kirki ne ya yi musu yawa. Ranar farko bayan kowane hutu malama takan zagaya aji tana tambayar inda kowa ya je. Wannan ya ce bakin teku, wancan ya ce zamiya a kan dutsen ƙanƙara, Tessa ta ce gidan Anti, malama ta ce kai, abin sha'awa, da muryar da ake yi wa marar lafiya sannu. Bikin ranar haihuwa a can ba a yinsa a falo da kek da balan-balan, wuri ake kamawa, kowane yaro ya koma gida da tsaraba. Iyaye mata kuwa da hantsi za ka same su cike da makaranta, wasu na karanta wa yara labari, wasu na shirya gwanjon tara wa makaranta kuɗi, kamar ba su da wurin zuwa. Ba su da shi ɗin ne ma.

Sau ɗaya Darlene ta gwada shiga cikinsu a shekarar farko. Aka ce za a yi walimar aji, kowa ya kawo abin taɓawa, sai ta tashi ta cika tukunya da kaza da taliya irin ta uwarsu, ta rungumo ta har ƙofar makaranta. Nan aka yi mata bayani, da murmushi da ban haƙuri, cewa abincin gida ba ya shiga aji, sai na kanti mai takarda a jiki, saboda yaran da wasu abubuwa ke yi wa illa. Ta juyo da tukunyarta. Mista Demetriou ya yi kwanaki yana ci yana sa wa dokar albarka.

Daga nan ta tsaya bayan teburinta. Matan sun san ta, suna gaishe ta da suna, suna yaba hankalin Tessa yayin da suke miƙa mata kayan wanki. Sana'arta ba ta taɓa ba ta kunya ba. Abu ɗaya ta ɓoye. In an tambaye ta daga ina suka taso sai ta ce daga cikin gari, ta tsaya nan, don ta ji yadda suke rage murya in za su ce gabashin kogi, kamar sunan wata cuta.

Sannu a hankali abin ya fara leƙowa ranar Lahadi. Tessa ta tambayi dalilin da ya sa Anti take manna leda a taga lokacin sanyi. Wata Lahadin ta gyara wa Roni karatu a gaban mutane, ba da mugunta ba, yadda dai aka saba a ajinsu. Roni ta rufe littafin ta ce dama ba daɗi. Paulette ta dubi ƙanwarta ta saman tabarau, Darlene ta sunkuyar da kai kan farantinta. Duk da haka yaran sukan haura sama su rufe ƙofa, a jiyo dariyarsu har ƙasa, sai hankalinta ya ɗan kwanta zuwa wani makon.

Makarantar Halden tana da wata al'ada da take alfahari da ita. Duk shekara kafin Kirsimeti 'yan aji huɗu sukan tara rigunan sanyi, kowane yaro ya kawo ɗaya daga gida, a loda a motar makaranta a kai wa wata makaranta a cikin birni. Ba aikawa ake yi ba. Yaran da kansu ake kaiwa, kowa ya tsaya bayan tebur ya taimaki wani yaro ya saka riga, don su koyi tausayi su kuma san an yi musu gata. Shekarar da Tessa ta shiga aji huɗu, shugabar iyayen ajin wata ce Meredith, matar likitan haƙori, doguwa mai fara'a, wadda ba ta iya ganin mutum a tsaye ba ta nema masa kujera ba. Ita ta kawo rigunan da aka tara zuwa shago don a wanke su, ta tsaya ta dafa tebur.

"Darlene, har yau ba mu gan ki a cikinmu ba. Ki zo mana bana. Muna neman uwa ɗaya a mota."

"Ina da aiki."

"Na riga na roƙi Mista Demetriou, ya ce ki je. Tessa za ta ji daɗi, ki yarda da ni. Kullum ita kaɗai ce ba uwa a gefenta."

Wannan ta ƙarshen ce ta kama ta. Ta ce to.

Saura rigar da Tessa za ta kai. Sauran yaran daga ɗakin ajiya aka zaro musu, wasu rigunan ma ba a taɓa sa su ba. A gidan Darlene ɗaya ce tak ba a sawa: jar nan ta Tessa ta bara, mai hula da gashi a baki, wadda Roni ta zaɓa da bakinta, tana nan a leda tana jiran Lahadi. Darlene ta daɗe tana kallonta. Ta ce a ranta Roni tana da tsohuwar tata, za ta kai ta Janairu, in farashin kaya ya sauko sai ta saya mata sabuwa fil. Ta wanke ta, ta gyara zif ɗin, ta sa a kwali. Da Paulette ta ce, "Ina jar rigar nan? Yarinya ta ishe ni da tambaya," sai ta ce tana shago, ba ta gama da ita ba. Ba ta kuma tambayi Meredith wace makaranta za a je ba. Makarantun birni suna da yawa, sannan in za a faɗi gaskiya, sau ɗaya a rayuwarta tana son ta tsaya a gefen masu bayarwa, kuma ba ta son jin abin da zai ɓata mata hakan.

Ranar kai rigunan, Darlene ta sa rigarta ta zuwa coci. Tessa ta riƙe hannunta tun daga ƙofar makaranta tana nuna ta ga kowa, "Mamata ce," kamar ba su san ta ba. A mota yara suna waƙa, manya suna hira, Darlene tana jin wani daɗi da ta manta irinsa. Sai motar ta wuce tsakiyar gari ba ta tsaya ba. Ta hau gada. Darlene ta ga kogi a ƙasa da ƙanƙara a gefensa, ta ga hasumiyar cocinsu tana matsowa.

Meredith ta miƙe ta tafa hannu. "To yara, ku saurara. Inda za mu mutanen kirki ne, sai dai ba su da abin da muke da shi. Ba a nuna mutum da yatsa, ba a tambayar me ya sa. Kowa ya tsaya kusa da babba."

Wani yaro ya leƙa taga ya ce, "Dubi, gidan can katako aka buga masa a taga."

Tessa ta daina waƙa. Ta dubi uwarta, uwar ta dubi bayan kujerar gabanta. Suka wuce gidan burodi, suka wuce kwanar gidan Paulette.

A ɗakin wasanni na tsohuwar makarantarsu aka jera tebura, ɗakin da Darlene ta koyi tsallen igiya. Ko warinsa bai canza ba. Ta nemi aikin buɗe kwalaye a can baya inda tarin kaya ya kare ta, tana addu'a a ce ajin su Roni ba ya ciki. Aka buɗe ƙofa, yara suka shigo a layi, malamarsu na gaba tana tuna musu, "In mun karɓa mu ce me?" Suka amsa baki ɗaya, "Na gode." Roni tana tsakiyar layin, cikin tsohuwar rigarta da hannun ya ɗage mata.

Darlene ta ga lokacin da Roni ta hango Tessa. Fuskar ta washe, baki ya fara motsi, sannan idonta ya sauka kan tebur ya tarar da jar rigar a ninke cikin na baƙi. Fuskar ta rufe a hankali. Yarinyar da ke gabanta ta kai hannu wajen jar, Roni ta raɗa mata wani abu a kunne, yarinyar ta janye hannu ta ɗauki wata. Jinin Paulette ne, ba a ja da ita.

Da layi ya zo kan Roni ta nuna jar da yatsa. Tessa ta ɗauko rigar, ta zagayo ta riƙe mata yadda aka koya musu, Roni ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan. Ta zauna mata cif, dama an san za ta zauna. Meredith ta matso da kyamara tana cewa, "Kai, kun yi kyau. Ku ɗan matso kusa da juna."

"Roni," in ji Tessa ƙasa-ƙasa. "Ni ce fa."

Roni ta dubi bango. Malamarsu ta ce, "Veronica, me za ki ce?"

"Na gode," in ji Roni, da muryar da ake yi wa baƙo.

Darlene ta sha tunanin ranar nan da yayarta ta faɗa, kuma kullum Tessa take gani tana ɗauke kai. Ba ta taɓa kawowa Roni ce za ta ɗauke ba, ba ta kuma taɓa kawowa ita kanta za a samu a laɓe bayan kwali ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba ko lokacin da Gus ya daina kira. Ta ajiye abin da ke hannunta ta fito. Ta zagaya ta gaban tebur ta durƙusa a gaban yarinyar, ta kama zif ɗin ta ja har wuya, ta gyara mata hular.

"'Yar Gyaɗa," ta ce.

Roni ta ɗago ta dube ta. "Anti, dama ba tawa ba ce?"

"Taki ce. Ke kika zaɓe ta."

"To me ya sa sai na ce na gode?"

Darlene ta dafa kafaɗunta. Ta rungume ta, ta miƙa hannu ta jawo Tessa ma, wadda ta riga ta fara kuka. Meredith ta sauke kyamarar. Darlene ta ɗago ta ce mata, da ƙarfin da har na bayan layi suka ji, "'Yar yayata ce. Nan na yi karatu, ni da uwarta. A bayan cocin can aka haife ni."

Fuskar Meredith ta yi ja har kunne. "Wayyo, Darlene. Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ba ki tambaya ba. Ni ma ban so ki tambaya ba."

Matar ta rasa inda za ta sa kanta, idonta ya kawo ruwa. Ba muguwa ba ce. A hanyar komawa ta zo ta nuna wa Darlene ta goge hoton, ta zauna a gefenta har Halden. Da yamma, suna hawa matakalar shago, Tessa ta ce, "Mama, mu waɗanne ne? Masu bayarwa ko masu karɓa?" Darlene ta ce ta cire takalminta, ya jiƙe.

Ta kira Paulette a ranar, ba a ɗauka ba. Ta kira washegari, ta sake kira. Paulette da ke iya zagin mutum ta waya har kunnensa ya yi zafi ta yi shiru, shirun kuwa ya fi kowane zagi tsorata Darlene. Kafin Lahadi ta yanke shawara za ta sauke kayanta ta koma unguwa. Tessa ta yi ta raba fensir har ta gama, in dai sai da haka zumunci zai tsaya.

Suka zo bayan coci kamar kullum. Roni ta buɗe ƙofa ta dubi Tessa, Tessa ta dubi ƙasa. Sai da aka ɗan jima Roni ta ce, "Kin zo da gogen naki mai kukan kyanwa?" Tessa ta ce ta zo da shi. Suka haura sama, amma ba a jiyo dariya ba. Aka ci abinci Ray mijin Paulette yana ta hirar sanyi da tsadar mai shi kaɗai, da aka gama ya lallaɓa gaban talabijin. 'Yan'uwan suka shiga kicin, Paulette na wanke kwanuka, Darlene na gogewa.

"Paulette, na yi laifi."

"Kin yi."

"Ƙarya na yi miki kan rigar."

"Na sani. Ke ba ki iya ƙarya ba, wuyanki ke yin ja. Miƙo tukunyar can."

"Zan dawo unguwa. In zangon nan ya ƙare zan cire ta."

Paulette ta kashe famfo. "Ki cire ta ki kai ta ina? Layi? Baɗi ta tsaya kusa da Roni su ce na gode tare? Ashe har yanzu ba ki yi wayo ba."

"Ke kika ce za su raba su."

"Na faɗa, ban kuma janye ba." Ta ɗauki faranti ta yi ta cuɗa shi bayan ya fita tas. "Ranar nan da Roni ta shigo ta ce min ita ba za ta ƙara zuwa makaranta ranar da masu kirki za su zo ba. Haka ta kira su, masu kirki. Sannan ta tambaye ni wai da gaske ne a makarantar Tessa kowa da littafinsa. Na ce ban sani ba." Ta ajiye farantin. "Da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Har gida ake zuwa da shi?"

"Har gida."

Paulette ta gyaɗa kai, ba ta waiwayo ba. "Ɗakin Tessa," ta ce, "zai ci gado biyu?"

Darlene ta tsaya da tsumma a hannu. Sai a lokacin ta gane shirun makon nan. Ashe yayarta da kanta take ta kokawa. Matar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, wadda ba ta iya barci sai ta leƙa ɗakin 'yarta, ita ce take tambaya ko za a karɓi 'yar. Tausayinta ya kama Darlene.

"Sai an je kotu an ba ni riƙo," ta ce a hankali. "Ba sa yarda da fatar baki. Za a rubuta a wurina take."

"Na bincika. Ray ma ya yarda."

"Paulette, za ki iya?"

"Ba zan iya ba. Ke dai faɗa min, zai ci ko ba zai ci ba?"

"Zai ci. In an fitar da teburin."

"To." Paulette ta sake buɗe famfo. "Ba ta cin ƙwai in gwaiduwar ba ta dahu ba. Za ta ce miki ba ta tsoron duhu, ƙarya take, ki bar mata fitilar baranda. Kuma ranar Juma'a da yamma ki dawo min da ita. Ba Asabar ba, Darlene. Juma'a."

Muryarta ta karye a nan. Darlene ta ajiye tsumman ta rungume ta ta baya, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Paulette ta ƙyale ta, hannuwanta cikin ruwan kumfa, tana ci gaba da faɗin abin da yarinyar take so da wanda ba ta so, duk da ta san ba abin da Darlene ba ta sani ba a ciki.